Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Zan Sa 'Yan Gidan Kallona Su Kalli Gasar Najeriya?

TAMBAYA

Ina da ɗan gidan kallon ƙwallo a garinmu, nan ƙasar Ruma cikin ƙaramar hukumar Batsari. Ranar da Arsenal ko Chelsea ko Madrid za su buga, benci ba ya isa, wasu a tsaye suke kallo har a tashi. Amma da na gwada saka wasan gasar Firimiya ta Najeriya, sai samari suka yi ta yi mini dariya, wai wannan ba ƙwallo ba ce, an gama sayar da wasa tun kafin a take shi, kuma kullum mai gida ne da nasara. Ni kuwa raina yana son abin gida. Shin gaskiya suke faɗa? In kuma akwai abin kallo a ciki, ta yaya zan jawo hankalinsu ba tare da na yi asarar man janareta ba?

Mai gidan kallo, daga Ruma

AMSA

Allah ya ba da kasuwa, ya kuma zaunar mana da ƙasar Ruma lafiya.

Bari in fara da tambayarka ta farko, don ita ce mai ɗaci. Samarin nan ba ƙarya suke shara maka gaba ɗaya ba, kuma ranar da ka tsaya kana ja da su a kan cewa gasarmu ta kai ta Ingila, ranar za ka rasa su. Yaron da ya saba ganin fili kore shar, kyamara ta ko'ina, a ci ƙwallo a maimaita masa ita ta fuska huɗu, ba za ka zaunar da shi gaban hoto mai rawa na kyamara ɗaya ka ce masa duk ɗaya ne ba. Ko a kuɗi ma tazarar ba ta ɓoyuwa. Naira miliyan 200 aka ba Remo Stars da ta ɗauki kofin a 2025, abin da bai kai albashin mako guda na manyan 'yan wasan Ingila ba. Ka amsa musu wannan tun da wuri, a wuce wurin.

Zancen mai gida kuwa yana da tushe. Kano Pillars ta yi shekara 12, daga 2003 har zuwa Agustan 2015, ba a doke ta a wasan lig na gida ba, sai da Nasarawa United ta je filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ta ci ta 2-1. Bakano zai ce maka wannan jarumta ce, ai shi ya sa ake kiran su Sai Masu Gida. Abokin hamayyarsa zai ce a'a, baƙo ne kawai ba ya samun adalci a Kano. Kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya, don Pillars ɗin wancan lokacin ƙungiya ce ta gaske, ta ɗauki kofin a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Amma ita ma in ta fita waje sau da yawa haka take dawowa hannu rabbana, kamar kowa.

Dalilan ba ɗaya ba ne, kuma ba duka ne maguɗi ba. Ka ɗauki tafiya. Ƙungiyar da ta tashi daga Katsina za ta je Fatakwal ko Uyo, sama da kilomita 1,000 ke gabanta, a mota, kwana a hanya, ƙafafu a kumbure, a sauka yau a buga gobe. Hanyar ma ba lafiya ce da ita ba. A Maris na 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja suna kan zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni, ciki har da Gambo Mohammed. Ɗan wasan Arsenal kuwa sau da yawa nisan wasansa na waje bai kai daga Batsari zuwa Kano ba, wani lokaci ma cikin Landan ne.

Sai alƙalan wasa. An daɗe ana tafiya a kan tsarin da ƙungiyar da ke karɓar baƙi ita ke ɗaukar nauyin alƙali, masaukinsa da abincinsa da sallamarsa. In baki ya ci, ido ya ji kunya. Ga kuma tsoro, mutum ɗaya da usur a tsakiyar dubban masu gida, 'yan sanda ba su taka kara sun karya ba, yana tunanin ta inda zai fita in ya busa fenariti a minti na 90. An mayar da biyan alƙalai hannun masu gudanar da gasar, amma tabon bai goge ba. Gasar Kofin Afirka da aka yi a Kwaddebuwa a farkon 2024, babu alƙalin Najeriya ko ɗaya da aka gayyata ya busa.

Abin da ya fi kusa da ku shi ne na Afrilun 2022. Katsina United ta je Kano, wasa ya kusa ƙarewa babu ci, 'yan kallo suka kutsa fili, aka watse, aka farfasa motar baƙi. Aka ci tarar Pillars naira miliyan 9, aka cire mata maki uku, aka kore ta zuwa Abuja. Ƙarshen wannan kakar duka ƙungiyoyin biyu suka faɗa rukuni na biyu tare, sai a 2023 suka hauro tare daga gasar share fage ta Asaba. Wani kuma zai kawo maka labarin ci 79 da nema da ci 67 da nema da aka yi a Bauci a Yulin 2013. Wannan ma ya faru, duniya ta yi mana dariya, amma ka gyara masa cewa ƙananan ƙungiyoyi ne masu neman shiga rukunin can ƙasa, ba gasar Firimiya ba, kuma an hukunta su.

To ka ga, ban ɓoye maka komai ba. Yanzu ga abin da su samarin ba su sani ba, ko suka manta.

Ka tambaye su ina suke ranar 7 ga Fabrairun 2024. Na san amsar, suna gidanka, makogwaro ya dushe. Ranar ce Najeriya da Afirka ta Kudu suka tashi 1-1 a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Afirka a Bouake, aka je bugun fenariti, Stanley Nwabali ya tare biyu, aka wuce. Washegari kowane yaro da ya tsaya tsakanin duwatsu biyu a filin makaranta sunansa Nwabali. To wannan golan, shekara biyu kafin nan, ragar Katsina United yake tsarewa. A filin Muhammadu Dikko, wanda har yanzu mutane ke kira Karkanda, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya da 'yan kai daga Batsari ba in hanya lafiya. Daga nan ya tafi Chippa United ta Afirka ta Kudu a 2022. Mutumin da suka biya ka kuɗi don su gan shi a gilashi, da can kuɗin mota da na ƙofa kawai ya raba su da ganinsa ido da ido, suka ce ba ƙwallo ba ce.

Ba shi kaɗai ba ne. Ahmed Musa ƙwallo 18 ya ci wa Pillars a kakar 2009/2010, ya fi kowa, daga nan ya wuce Holan, ya je CSKA Moscow, ya je Leicester, ya zura wa Ajantina biyu a Kofin Duniya na 2014, ya zura wa Iceland biyu a na 2018. Vincent Enyeama a Enyimba ya yi suna, lokacin da ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004. Kofin Afirka na 2013 da marigayi Stephen Keshi ya ciyo, ƙwallon da ta fitar da Kwaddebuwa ta su Drogba da wadda ta doke Burkina Faso a wasan ƙarshe, duka ƙafar Sunday Mba ce, kuma a lokacin a gida yake wasa.

Game da cewa an san sakamako tun kafin a fara, sai ka juya musu tambayar. Bayern Munich sau 11 a jere ta ɗauki kofin Jamus, daga 2013 zuwa 2023. Manchester City sau huɗu a jere, daga 2021 zuwa 2024. A nan kuwa Plateau United ta ɗauka a 2017, Enyimba a 2019, Akwa United a 2021, Rivers United a 2022, Enyimba ta dawo a 2023, Rangers ta Inugu a 2024, Remo Stars a 2025. Wasa ɗaya ɗaya kana iya cankar mai gida ka dace. Wanda zai ɗaga kofi a ƙarshen kaka kuwa, ko boka sai ya yi gumi.

Amma ni a ganina duk wannan musu ne, kuma musu ba ya cika benci. Abin da ke cika benci shi ne mutum ya kasance yana da nasa a cikin fili. Ka duba dambe. Filin dambe ba ciyawa, ba kujera, ƙura ce da kalangu, amma mutane suna biyan kuɗin ƙofa suna turereniya, domin kowa ya san ɓangarensa, Kudu ne ko Jamus ko Guramada, ya san ɗan damben da sunansa da garinsu, ya san wanda ya kashe shi bara da abin da aka faɗa bayan nan. Wanda bai san kowa ba, in ya leƙa, mutum biyu kawai zai gani suna zagaye juna. Haka samarinka suke ganin wasan Katsina United da Bendel Insurance, mutum 22 da ba su san ko ɗaya ba.

Ita kanta soyayyar Arsenal da Chelsea ta ina ta shigo mana? Namu muka bi. Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999, rabin ƙasar nan ya bi shi. Mikel Obi ya shiga Chelsea a 2006, ragowar suka tafi can. Su sun bar ƙungiyoyin, mu mun zauna, don kafin nan mun san kowa a gidan, mun san kocin, mun san wanda ke rigima da wa. Yau yaro a Wagini ko Runka zai faɗa maka nawa aka sayi ɗan wasan baya na Chelsea da ranar da kwantiraginsa zai ƙare. Ba a haife shi da wannan ba. Shekara da shekaru ana zuba masa a kunne, a rediyo, a waya, a majalisa, a bakin mai shayi.

Iyayenmu ma haka suka san nasu. Tun da aka fara gasar ƙasa a 1972, wadda Mighty Jets ta Jos ta fara ɗauka, mutane ke kafa kunne a rediyo suna bin Rangers da Shooting Stars da Raccah Rovers ta Kano, wadda ta zama zakara a 1978. BCC Lions ta Gboko ta ciyo kofin Afirka na masu kofin ƙalubale a 1990, shekarar da aka mayar da gasar ta ƙwararru, kuma shekarar da aka haɗa ƙungiyoyi uku na Kano aka kafa Pillars. El-Kanemi ta Maiduguri ta ɗauki kofin ƙalubale a 1991 da 1992. Ga kuma wanda ya kamata kowane Bakatsine ya sani: Katsina United sau uku a jere tana zuwa wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na ƙasa, 1995 da 1996 da 1997. Shooting Stars ta hana ta na farko, Julius Berger na biyu, BCC Lions na uku. Ka nemi wani dattijo a garinku da ya bi ƙwallo a wancan zamanin, ka ba shi benci na gaba kyauta, ka bar shi ya yi magana kafin a take wasa. Zai yi maka aikin da allon talla ba zai yi ba.

Me ya kashe wancan zamanin? Abubuwa ne suka haɗu. Darajar naira ta karye daga 1986, ƙwararrun 'yan wasa suka fara ficewa zuwa Kwaddebuwa da Beljiyam, ƙungiyoyin 'yan kasuwa irin su Leventis United da Abiola Babes suka rufe, sai ga tauraron ɗan'adam ya kawo Turai har cikin zaure. Abin da ya rage, mafi yawansa ya koma hannun gwamnatocin jihohi, kuma a nan babbar cutar take. Ƙungiyar da kuɗinta ke fitowa daga baitulmalin jiha, ɗan kallo bai dame ta ba. Ko fili ya cika ko ya zama kango, abin da shugabanta ke jira shi ne sa hannun gwamna. Shi ya sa ba a damu a sanar da kai lokacin wasa ba, ba a damu rigar ƙungiya ta iso kasuwar Batsari ba, alhali ta Barcelona tana rataye a kowace rumfa. Shi ya sa kuma ake bin 'yan wasa albashi, wanda ya yi fice a bana baɗi ya tafi, kafin ka riƙe sunansa an kawo wani. Remo Stars ta Ikenne, wadda ɗan kasuwa Kunle Soname ya mallaka, da filinta da makarantar renon yaranta, ta nuna ana iya bin wata hanya har a ɗauki kofi. Wannan gyaran ba a hannunka yake ba, Malam, amma yana da kyau ka san inda gizo ke saƙa, kada ka ɗora wa samarinka laifin da ba nasu ba.

Kada kuma su ɗauka Turawa da tsabtarsu aka haife su. A 1985 gobara ta kashe mutum 56 a filin Bradford. A wannan shekarar dai rikicin da magoya bayan Liverpool suka tayar a filin Heysel na Beljiyam ya ci rai 39, aka kori ƙungiyoyin Ingila daga gasannin Turai shekara biyar. A 1989 turmutsitsin Hillsborough ya yi sanadin mutuwar mutum 97. A lokacin mai mutunci ba ya kai iyalinsa kallon ƙwallo a Ingila. Sai da aka tilasta wa manyan ƙungiyoyi mayar da filayensu na zama zalla, aka matsa wa 'yan tarzoma, aka kafa gasar Firimiya a 1992 da kuɗin gidan talabijin na Sky, sannan abin ya zama wanda kake sayarwa yau. Misalin da ya fi kama da mu ma yana Tanzaniya. Su ma suna kallon Ingila kamar mu, amma ranar da Simba da Yanga za su kara, filin Benjamin Mkapa mai cin mutum 60,000 ba ya isa. Gidan talabijin na Azam ya sa hannu a 2021 kan yarjejeniyar shekara 10 ta sama da shilin biliyan 225, yana nuna wasannin da harshen Swahili, a lokacin da kowa ya sani. Yanga ta kai wasan ƙarshe na kofin Confederation a 2023, Simba ta kai a 2025. Ba su fi mu 'yan wasa ba. Sun dai samu wanda ke nuna wasan kullum ba fashi, da harshen da mai kallo ke ji.

Mu kuwa nan muke tuntuɓe. SuperSport ta nuna gasar na wasu shekaru ta janye, aka yi zamanin da sai dai ka ji sakamako a bakin wani. An rushe kamfanin LMC da ke gudanar da gasar a 2022, aka kafa kwamitin riƙo ƙarƙashin Gbenga Elegbeleye, aka ƙulla da StarTimes a ƙarshen 2023, ga kuma nunawa ta intanet. Mai nuna gasar yakan canza, saboda haka farkon kowace kaka ka bincika wa ke da ita kafin ka sayi wata na'ura. Ta intanet ɗin kuma kai ka fi ni sanin halin sabis a yankinku. Ba a manta 2021 ba, da aka katse layukan waya a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomin jihar na tsawon watanni saboda matsalar tsaro. Kada ka tara mutane a kan hoton da zai tsaya cak ana shirin buga kwana. In ba ka da tabbacin hoton ranar, gara ka kunna rediyo a ƙofar gida, a sha sharhi kyauta.

Yanzu ga shawarata a kan man janaretanka.

Kada ka haɗa gasar gida da ta Ingila a lokaci guda, za ta sha kashi. Yawancin wasanninmu ƙarfe huɗu na yamma ake take su ranar Lahadi, babban wasan Ingila na Lahadi kuwa huɗu da rabi ne a agogonmu, in sun juya agogonsu lokacin sanyi ya koma biyar da rabi. Wanda ya idar da La'asar ya taho da kuɗinsa a hannu, ka san inda zuciyarsa take. Amma akwai makonnin da ake buga namu ranar Laraba, da makonnin da Turai ke hutu don wasannin ƙasashe, namu kuma yana ci gaba. Waɗannan ranakun ne naka. Ranar Laraba da yamma gidanka a rufe yake, ba wanda ka ƙwace wa komai. In da dare akwai gasar zakarun Turai, ka ce wanda ya biya na dare ya shiga na yamma kyauta. Man awa biyu ne ka saka a matsayin jari.

Kuma kada ka fara da kowane wasa. Ka jira Katsina United da Kano Pillars, ko wani wasan da Katsina za ta buga da 'yar Arewa irin su El-Kanemi ko Wikki ko Barau. A kowane gari na ƙasar Katsina akwai mai son Pillars, ko don ya yi zaman Kano, ko don neman tsokana. Mutum biyu irin waɗannan sun ishe ka. Allon nan naka da kake rubuta wasannin yau da alli a bakin ƙofa, ka ware masa gefe guda, ka rubuta teburin gasar gida, ka riƙa sabunta shi duk Litinin ko da ba wanda ya tambaya. Ƙungiyoyi 20 ne, ka sa na sama biyar, ka sa inda Katsina take, ka sa huɗun ƙasa da ke fuskantar faɗuwa. Mako na farko za su wuce ba su duba ba. Ranar da wani ya tsaya ya ce, “Kai, yaushe Katsina ta sauko nan?” to ka samu mutum ɗaya. Ka rubuta sunan mai cin ƙwallo a gefe, ka riƙa kiran sunayen 'yan wasa uku ko huɗu har su zauna a kunne. Sunan da za su fi saurin kamawa shi ne Rabi'u Ali, Pele na Kano, wanda ya haura shekara 40 yana buga wa Pillars yana kuma ci da bugun tazara.

Lokacin hutun rabin lokaci na wasannin Turai, da ake zaune ana sauraron Turawa suna surutu, minti 15 ne a hannunka kyauta. Ka sauke gajerun hotuna a waya ka saka musu. Ka nemo na Janairun 2014 a Cape Town, gasar 'yan wasan gida ta Afirka, inda Maroko ta ci Najeriya uku da nema kafin hutu, aka dawo aka farke duka ukun, ɗaya daga ƙafar Rabi'u Ali, aka ci ta huɗu a ƙarin lokaci. Ka ba su labarin 2009, da Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka, ta su Aboutrika, bayan 1-1 a nan da 2-2 a Alƙahira, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe. Ka tuna musu Ahmed Musa ya dawo Pillars a Oktoban 2024, ya ci biyu a wasansa na farko. Yawancinsu ba su taɓa jin waɗannan ba, kuma ba laifinsu ba ne, ba wanda ya faɗa musu.

Abu ɗaya nake roƙonka ka bari, wato wa'azin kishin ƙasa. Kada ka ce wa yaro ya bar Arsenal don Arsenal ba ta san da zamansa ba. Ya sani, kuma bai dame shi ba. Da ka ce ya zaɓa, ya zaɓa ya gama. Ba wanda ya hana mutum ya zama ɗan Madrid da dare, ɗan Katsina United da yamma. Kuma in wasan da ka saka ya zo da shirme, alƙali ya yi abin kunya, kada ka kare shi. Ka fi kowa ɗaga murya. Wanda ke masifa a kan alƙalin wasan Katsina, ai ya riga ya shigo.

In abin ya ɗan kama, ka haɗa mutum goma ko sha biyu ku yi karo-karo ku ɗauki mota zuwa Karkanda. Wanda bai taɓa shiga babban fili ba bai san ƙarar da ƙwallo ke yi in an narka ta ba, bai san gudun ɗan wasan gefe in ya wuce ta gabansa ba, gilashi yana rage duk wannan. Sai dai ku yi lissafin hanya. Wasan ƙarfe huɗu dab da Magariba yake tashi, kuma ba zan ba ka shawarar kamo hanyar Batsari ko Safana da dare ba. Ku shirya kwana a Katsina wurin 'yan'uwa, ku juyo da safe. Ku zauna a ɓangaren da aka rufa, nesa da masu jifa, in kuma kuka ga fili ya fara ɗaukar zafi ku fice kafin a busa tashi. Kafin ku biya kuɗin mota, ka sa wani na cikin birni ya tabbatar maka ranar da filin, don a gasar nan ana ɗage wasa a kwana ɗaya, ana kuma iya korar ƙungiya daga gidanta a mayar da wasan wata jiha.